Malam Aminu Kano da fafutukar albashin malaman Arewa

Akasarin jama'a sun san marigayi Malam Aminu Kano ne a matsayin jagoran jam'iyyar NEPU, daga baya kuma PRP, wato ɗan siyasar da ya shafe fiye da shekaru 30 yana kokawa da Turawan mulkin mallaka da sarakuna da masu hannu da shuni a madadin talakawa. To amma ƙungiya ta farko da ya jagoranci kafawa, wadda ta game lardunan Arewacin Najeriya, ta malaman makaranta ce, kuma albashi na daga cikin manyan abubuwan da ta sa a gaba.

A yau dai neman ƙarin albashi ya zama ruwan dare. A watan Yunin shekara ta 2024 ƙungiyoyin ƙwadago sun tsayar da al'amura cik a Najeriya, kuma kafin ƙarshen watan Yuli aka sa hannu a kan dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira dubu 70 a wata. A zamanin ƙuruciyar Malam Aminu kuwa, ma'aikacin da ya buɗe baki ya ce abin da ake biyansa ya yi kaɗan, a Arewa ana yi masa kallon marar kunya ne, ko ma ɗan tawaye.

Tasowarsa

An haifi Malam Aminu a unguwar Sudawa da ke birnin Kano ran 9 ga watan Agustan shekara ta 1920. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin addini ne kuma mufti a kotun alƙali, daga zuriyar Fulani Genawa waɗanda suka yi suna wajen ilimin shari'a. Mahaifiyarsa Rakiya ita ta fara sa shi a hanyar karatun Alƙur'ani, sai dai ta rasu yana ƙaramin yaro.

Ya yi makarantar elamantare ta Shahuci, sannan Midil ta Kano, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina wadda aka mayar Kaduna a shekara ta 1938. Tun yana Midil aka san shi da rashin haɗiye magana, domin yana cikin waɗanda suka jagoranci ɗalibai wajen yin bore a kan ƙarancin sabulu da rashin kyan abinci. A shekara ta 1942 ya sami takardar shaidar malanta, aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi.

Wannan shekara tana da muhimmanci a tarihin ƙwadago a Najeriya. Yaƙin Duniya na Biyu ya sa farashin kaya ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuma yana nan inda yake. Ma'aikatan jirgin ƙasa a ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu suka matsa wa gwamna Bernard Bourdillon lamba, har gwamnati ta amince da biyan wani alawus na rage raɗaɗin tsadar rayuwa. A shekarar da ta biyo baya aka tsare Imoudu, ba a kuma sake shi ba sai a 1945.

Albashi a ƙarƙashin En'e

Halin da malamin makaranta yake ciki a Arewa ya sha bamban da na ma'aikacin reluwe a Legas. Mafi yawan malaman elamantare da na Midil ma'aikatan En'e ne, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta a ƙarƙashin kulawar Razdan da Di'o. Daga baitulmalin En'e ake biyansu, da kuɗin haraji da jangalin da dagatai da hakimai ke tarawa. Kenan mai biyan albashin shi ne mai kotu, shi ne mai 'yan doka, shi ne kuma mai gidan yari.

A irin wannan tsari, albashi ya fi kama da alherin ubangida ga baransa. Wanda ke son ƙari yakan bi ta kamun ƙafa da wani na kusa da fada, ko ya rubuta takardar roƙo cike da kirari da addu'a, sannan ya zauna jiran tsammani. In an ba shi ya yi godiya, in an hana shi a tuna masa cewa mahaƙurci mawadaci. Wanda ya cika naci kuwa, ba wuya ya wayi gari an yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa. Ga kuma kunya, wadda ke hana mutumin kirki ambaton kuɗi a gaban na gaba da shi.

Malaman Kudu sun daɗe da wuce wannan mataki. Tun a shekara ta 1931 suka kafa ƙungiyar malamai ta NUT, inda Rabaran Israel Ransome-Kuti na Abeokuta ya zama shugabanta na farko. Dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ƙwadago kuma ta fito ne a 1938. Sai dai ƙungiyar ta NUT ta fi ƙarfi a makarantun mishan, saboda haka ba ta yi wani tasiri a tsakanin malaman En'e ba.

A Bauchi Malam Aminu ya haɗu da mutane biyu da suka yi tasiri a rayuwarsa, kowanne ta fuskarsa. Na farko shi ne Malam Sa'adu Zungur, malami kuma mawaƙi mai kaifin harshe, wanda ya zama kamar yayansa a fagen tunani. Na biyu shi ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, abokin aikinsa a Midil, mutum mai sanyin hali da ke ganin gyara a hankali ya fi dacewa. A 1943 aka kafa wata majalisar taɗi a garin, da amincewar hukuma, inda ma'aikata da 'yan boko da jami'an Turawa ke zama su yi muhawara a kan al'amuran mulki. Malam Aminu shi ne sakatarenta.

Majalisar ba ta yi tsawon rai ba. Kamar yadda masu rubuta tarihinsa suka kawo, daga cikin abubuwan da suka jawo rufe ta har da wata tambaya da Malam Aminu ya jefa a wani zama, game da ma'aunin da ake bi wajen yanka wa sarki albashi. A ido tambayar ba ta da wani nauyi, amma abin da ke ƙarƙashinta babba ne. Idan har albashin sarki yana da ƙa'idar da za a iya bayyanawa a bainar jama'a, to na malami da na ɗan doka da na leburan hanya ma yana da ita, kuma duk abin da ke da ƙa'ida ana iya jayayya a kansa. Bayan rufe majalisar, shi da Sa'adu Zungur suka koma ga wata ƙungiyar neman ci gaban Bauchi wadda ba ta jiran izinin kowa.

Yana Bauchi ne aka yi babban yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya fara a ƙarshen watan Yuni, ya kuma ɗauki kwanaki 44 a Legas. Dubban ma'aikatan reluwe da gidan waya da tashoshin jiragen ruwa suka ajiye aiki suna neman a ƙara alawus na tsadar rayuwa. Jiragen ƙasa suka daina zirga-zirga har a Kaduna da Zariya da Kano. Gwamna Arthur Richards ya yi tsayin daka da farko, amma hukumar binciken da aka naɗa a ƙarƙashin Tudor Davies ta ba da shawarar a ƙara alawus ɗin da kashi 50 cikin ɗari. Duk wani mai ɗaukar albashi a ƙasar ya ga abin da haɗin kai ya samar cikin makonni, wanda takardun roƙo suka kasa samarwa cikin shekaru.

Daga Landan zuwa Maru

A shekara ta 1946 Malam Aminu ya sami gurbin ƙaro ilimi na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, tare da wasu malamai daga Arewa. Ya isa Ingila ne a lokacin da jam'iyyar Leba, wadda ƙungiyoyin ƙwadago suka haifa, ke riƙe da mulki a ƙarƙashin Clement Attlee. Ya yi cuɗanya da 'yan gurguzu da masu adawa da mulkin mallaka. Kazalika a ƙasar da ya je, albashin malamai ba ya hannun wani mutum guda. Tun daga 1919 akwai wani kwamiti da ake kira kwamitin Burnham, inda wakilan malamai da na hukumomin ilimi ke zama su daddale a kan ma'aunin albashi na bai ɗaya. Wato Turawan da ke cewa Arewa ba ta isa ƙungiya ba, a gidansu da ƙungiya ake yanke magana.

A can Landan ne shi da abokan karatunsa suka fara shirya yadda za a haɗa kan malaman Arewa. Bayan komawarsu gida, a 1948 aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda ake ɗauka a matsayin ƙungiyar ƙwadago ta farko da 'yan Arewa suka kafa wa kansu. Shettima Ajiram daga Borno ya zama shugaba, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba, Malam Aminu kuma babban sakatare, wanda nauyin rubuce-rubuce da zirga-zirga ke wuyansa.

Buƙatun ƙungiyar sun haɗa da kyautata albashi da yanayin aiki, da rage tazarar da ke tsakanin abin da ake biyan malamin Arewa da takwaransa na Kudu, da kuma gyaran manhajar karatu. Babban sauyin da ta kawo yana cikin hanyar neman ne. Maimakon malami ɗaya ya durƙusa gaban wakilin sarki, sai ya kasance takarda guda ce ke tafiya ga hukumar ilimi da sunan malaman larduna da dama, Musulmi da Kirista, kuma babu Di'on da zai iya yi wa dukkansu canjin wurin aiki a rana ɗaya. Ita ma kunya ta sami mafita, tun da wanda ke magana ba cikinsa yake yi wa yaƙi ba.

Ya kamata a tuna cewa a Arewa ta wancan lokaci, malaman makaranta su ne kashin bayan 'yan boko. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Tafawa Ɓalewa malami ne, haka ma Shehu Shagari. Don haka ƙungiyar da ta tara malamai daga Borno zuwa Sakkwato, daga Katsina zuwa Ilori, ta tara kusan duk waɗanda za su riƙe ragamar siyasar yankin ne. Ba abin mamaki ba ne da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 kafin ta rikiɗe ta zama NPC, ta sami da yawa daga cikin 'ya'yanta a wannan gida.

Hukuma ba ta yi barci ba. Ba da jimawa ba aka ɗauke Malam Aminu daga Bauchi zuwa kwalejin horon malamai ta Maru a lardin Sakkwato, wuri mai nisa da jaridu da tashar jirgi. Maru dai tana cikin jihar Zamfara ne a yau, kuma kudancin ƙaramar hukumar, ta wajen Ɗansadau, ya haɗa daji da Birnin Gwari. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun sa an rufe makarantu da dama a wannan yanki, malamai kuma suka ƙaura. A zamanin Malam Aminu matsalar wurin kaɗaici ce kawai, kuma bai hana shi shiga takun saƙa da hukumar En'e ta Sakkwato a kan yadda ake tafiyar da talakawa ba.

Ran 8 ga watan Agustan 1950 wasu matasa takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Dokar aiki ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya yi siyasar jam'iyya a fili ba, saboda haka a watan Nuwamba Malam Aminu ya ajiye aiki, ya kuma buga dalilansa a jarida. Yana da shekaru 30 a lokacin, ga takardar shaida daga Landan, a yankin da masu irin wannan takarda ba su da yawa, kuma da ya yi shiru babu shakka da ya kai ƙololuwar aikin ilimi. Mutumin da ya shafe shekaru yana nema wa malamai ƙari, shi ne ya bar albashin gaba ɗaya. Duk da haka ya ci gaba da hidimar ƙungiyar malaman na wani lokaci, kafin siyasa ta cinye shi.

Fagen siyasa

A 1953 ya zama shugaban NEPU. Abin da jam'iyyar ke gaya wa manomi da ɗan kasuwa bai yi nisa da abin da ƙungiyar malamai ke gaya wa malami ba, wato cewa abin da ake karɓa daga hannunsa da abin da ake ba shi duka suna da ƙa'ida, kuma yana da ikon tambaya. 'Yan NEPU sun yaƙi aikin tilas da zaluncin masu karɓar haraji da hukunce-hukuncen kotunan En'e, sun kuma sha bulala da ɗauri a kan haka. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta jagoranci ɓangaren mata, an ɗaure ta sau da dama. Malam Aminu ya dage a kan bai wa matan Arewa 'yancin zaɓe, abin da bai tabbata ba sai a 1976.

Ya sha kaye a zaɓen 1954 a hannun Maitama Sule, amma a 1959 ya lashe kujerar Kano ta Gabas a majalisar wakilai ta tarayya. Da yake NEPU tana ƙawance da NCNC, wadda ita kuma ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ya tsinci kansa a ɓangaren gwamnati a matsayin mataimakin mai tsawatarwa.

A nan tarihi ya yi wata juyawa. A watan Yunin 1964 ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari na kusan makonni biyu, saboda gwamnati ta ƙi aiwatar da shawarar hukumar Morgan, wadda ta nemi a mayar da mafi ƙarancin albashi fam 12 a wata a Legas. Firayim ministan da ya fito a rediyo ya bai wa ma'aikata wa'adin komawa bakin aiki shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa, tsohon mataimakin shugaban Ƙungiyar Malaman Arewa. Ma'aikata suka yi kunnen uwar shegu da wa'adin, daga ƙarshe aka daidaita a kan fam 10 a Legas, yayin da yankunan karkara na Arewa suka sami mafi ƙaranci. A ƙarshen wannan shekara Malam Aminu ya rasa kujerarsa.

A zamanin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971. Shi ma kenan ya ɗanɗana zama a kujerar mai biyan albashi. A cikin waɗannan shekaru ne, a 1972, ƙungiyar malaman jihohin Arewa ta haɗe da NUT aka zama ƙungiya ɗaya a faɗin ƙasar. A cikinsu ne kuma aka kafa hukumar Udoji, wadda ƙarin albashin da ta haifar, haɗe da bashin watanni da aka biya a dunƙule a 1975, ya cika kasuwanni da masu sayen babura da rediyo, kafin hauhawar farashi ta lashe mafi yawan ribar.

Santsi da taɓo

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP, kuma ɗaya daga cikin manyan mataimakansa shi ne Michael Imoudu, gwarzon yajin aikin 1945. A zaɓen shugaban ƙasa na 1979 Malam Aminu ya zo na huɗu da kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙuri'u, amma jam'iyyarsa ta ci gwamnoni biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a tsohuwar jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina da Birnin Gwari. Gwamnonin biyu sun soke haraji da jangali, wato kuɗin da a da ake biyan ma'aikatan En'e da su. A 1980 kuma gwamnatin Kano ta ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga watan Mayu, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu a shekarar da ta biyo baya.

To sai dai jam'iyyar ta dare gida biyu. Gwamnonin da magoya bayansu, waɗanda aka laƙaba wa 'yan santsi, sun zargi shugabannin jam'iyyar da sassautawa ga gwamnatin NPN ta Shehu Shagari, yayin da ɓangaren Malam Aminu, 'yan taɓo, ke zarginsu da bijire wa umarnin uwar jam'iyya. Wanda 'yan santsi suka ɗora a matsayin shugaba shi ne Imoudu. Har yanzu akwai masu ganin cewa Malam Aminu, wanda ya koya wa jama'a yi wa na gaba tambaya, bai ji daɗi ba da tambayar ta juyo kansa. Magoya bayansa kuwa na cewa matasan ne suka yi gaggawa, suka manta da wanda ya share musu hanya. Rikicin ya raunana jam'iyyar ƙwarai, kuma a watan Yunin 1981 majalisar dokokin Kaduna, wadda NPN ke da rinjaye a cikinta, ta tsige Balarabe Musa.

A wannan shekara ce dai, bayan yajin aikin da ƙungiyar NLC ta kira a watan Mayu a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, Najeriya ta sami dokarta ta farko ta mafi ƙarancin albashi na ƙasa baki ɗaya. Ma'aikata sun nemi naira 300 a wata, aka tsaya a kan naira 125.

Malam Aminu Kano ya rasu ran 17 ga watan Afrilun 1983 a gidansa da ke unguwar Gwammaja a Kano, yana da shekaru 62, 'yan watanni kafin zaɓen da yake shirin sake tsayawa takara a cikinsa. A cikin gidan aka yi masa makwanci. Abokai da abokan hamayya sun haɗu a kan cewa bai bar wata dukiyar a zo a gani ba, duk da shekarun da ya yi yana riƙe da ma'aikatun tarayya. An sa sunansa a filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin da kuma kwalejin shari'a da nazarin addinin Musulunci, gidan nasa kuma, wanda ake kira Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero.